Wace sigar ce ta dace da wanda bai saba ba?

Bakano_a_Dubai:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sigar, wato babbar tabar nan da ake naɗewa da hannu da ganye zalla irin ta Kuba, ba karan sigarin da ake sayarwa a tebur ba. Shekarata 4 ina aiki a Dubai, kuma abokan aikina suna da al'adar zama idan an kammala wani babban aiki, a ci abinci, a sha gahawa, kowa ya kunna tasa. A makon jiya aka miƙo mini wata ƙatuwa tun kafin a kawo abinci, alhali ban ci komai ba tun safe, na dinga zuƙa ina haɗiye hayaƙin kamar yadda na ga masu sigari suna yi. Ban kai rabi ba jiri ya ɗebe ni, gumi ya keto mini, zuciyata ta dinga tashi har sai da na fita waje na zauna. Akwai wani zaman a ƙarshen wata, kuma ina so in je da tawa. Wace iri ce mai sauƙi, wane girma ya kamata in nema, kuma shin gaskiya ne cewa mai hasken launi ita ce marar ƙarfi?

Baƙon_Burasel:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da wahala. Abin da ya same ka nikotin ne ya yi maka yawa a lokaci guda, kuma ya sami da yawa daga cikinmu a karon farko. Kafin a zo ga sunaye, yana da kyau ka san yadda aka gina abin, domin sanin nan ne zai hana mai shago ya ɗora maka abin da ya ga dama. Kowace sigar ta hannu kashi uku ce: akwai cikon da ke tsakiya, akwai ganyen da ya ɗaure cikon, sannan akwai rigar waje, wadda ita ce ido yake gani. Yawancin ƙarfin yana cikin ciko, kuma ciko ya danganta da inda aka tsinko ganyen a jikin shukar. Ganyen ƙasa, wanda Kubawa ke kira bolado, ba shi da ƙarfi sosai amma yana cin wuta da kyau. Na tsakiya, wato seko, shi ne mai ƙamshi. Na sama kuwa, lihero, wanda ya fi shan rana, shi ne mai kauri da yawan nikotin. Sigar mai sauƙi ita ce wadda aka rage mata lihero, ko da wane launi rigarta take.

Duk da haka, masu haɗawa sun saba sanya wa ciko mai sauƙi riga mai haske irin ta Konetikat, ganyen da ake nomawa ƙarƙashin rumfar yadi a Amurka, ko kuma a Ekwado inda gajimare ke yin aikin rumfar. Shi ya sa sunayen da za ka fi ji ana ba sabon shiga su ne Macanudo Café, Ashton Classic da Montecristo White, waɗanda duk a Jamhuriyar Dominikan ake naɗe su. Da ni ne kai, da ɗaya daga cikin biyun farko zan fara.

MaiGoro77:
Ni a ganina maganar ba ta kai tsawon haka ba. Ya shiga shago ya zaɓi wadda ta fi kowace ƙanƙanta kuma ta fi haske, ai ƙaramin abu ba zai bugar da mutum kamar babba ba.

Ɗan_Garwa:
Malam MaiGoro, a nan ban yarda da kai ba. Ƙanƙanta tana rage lokacin da mutum zai ɗauka yana sha, amma ba ta canza irin ganyen da ke ciki. Hasali ma siririyar sigar ta fi saurin ɗaukar zafi idan aka matsa mata da zuƙa, kuma sabon shiga bai iya jinkiri ba, sai hayaƙin ya zo masa da zafi da ɗaci. Ana auna kauri da kashi 64 na inci, don haka idan aka ce kaurinta 50 ana nufin kusan santimita 2, idan aka ce 42 kuma ta ɗan haura santimita ɗaya da rabi. Abin da nake ba mutane shawara shi ne gajera mai matsakaicin kauri, kamar robusto mai tsawon inci 5 da kauri 50, ko ƙaramar korona mai kauri 42, kuma ba dole ba ne mutum ya shanye ta. Wanda bai saba ba kada ya kusanci mai inci 7 da ake kira da sunan Churchill, domin ta kan wuce awa guda tana ci.

Game da launi kuma, akwai baƙaƙen da ake kira maduro waɗanda duhunsu ya zo ne daga daɗewar ganyen a tsime, har ma wasu suna da ɗan zaƙi a baki, akwai kuma masu haske da aka cika su da lihero na Nikaraguwa waɗanda za su zaunar da mutum. Tun da ana maganar riga, bari in ambaci tamu. A gabashin Kamaru, wajen Baturi, da tsallaken iyaka a Afirka ta Tsakiya, ana noma ganyen riga daga irin Sumatra wanda ake ji da shi a duniya, kuma shi ne ke jikin Arturo Fuente Hemingway. Ganye ne siriri mai saurin tsagewa, ƙamshinsa akwai daɗi, amma ƙarfin sigar matsakaici ne, saboda haka ba ita zan ba mutum a ranar farko ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yawancin mutanenmu a Garwa da Ngaundare ba su taɓa jin cewa ganyen ƙasarsu yana zuwa har can ba.

Likitar_Haƙori:
Ina neman afuwar masu ba da shawara, amma aikina ba zai bar ni in wuce ban yi magana ba. Kalmar "mai sauƙi" da ake ta maimaitawa tana nufin sauƙi a harshe da kuma a kai, ba ta nufin sauƙi ga jiki. Saboda irin wannan ruɗani ne yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba, wadda ta fara aiki a 2005, ta nemi ƙasashe su hana rubuta kalmomin da ke sa mutane su zaci wata taba ta fi wata rashin illa. Karan sigari ɗaya bai cika wuce giram 1 na taba ba, alhali babbar sigar guda tana iya ɗauke da tabar da ta kai ta kwalin sigari sukutum. Ko mutum bai kai hayaƙin huhu ba, ai ya zauna a leɓe, da harshe, da dasashi, da maƙogwaro, kuma yawun da ake haɗiyewa yana kai abin da ya narke a cikinsa zuwa hanyar abinci. Waɗannan wurare su ne inda sankara ke kama masu shan sigar. Ulysses Grant, tsohon shugaban Amurka, sankarar maƙogwaro ce ta yi ajalinsa a 1885, shi kuma Sigmund Freud, shahararren masanin halayyar ɗan Adam, an yi masa tiyata sama da 30 a muƙamuƙi da ganɗa daga 1923 har rasuwarsa a 1939, kuma dukansu an san su da sigar. Ƙanena Bakano, jirin da ka ji jikinka ne ya gaya maka gaskiya, kuma abin da kake nema yanzu hanya ce ta hana shi sake gaya maka.

Bakano_a_Dubai:
Na gode Likita, kuma ban ɗauki maganarki da wasa ba. Ban taɓa shan sigari ba a rayuwata, kuma niyyata ba ta wuce sau uku ko huɗu a shekara ba, a irin wannan zama kawai. Shin ko a hakan ma haɗarin ɗaya ne?

Likitar_Haƙori:
Ba ɗaya ba ne, domin haɗarin yana ƙaruwa da yawan sha da kuma zurfin zuƙa, kuma ba zan ce maka mai sha sau huɗu a shekara daidai yake da mai sha kullum ba. Sai dai babu wani adadi da likita zai iya sa maka hannu a kai ya ce wannan ba komai, sannan nikotin abu ne mai kama mutum, ba kowa ne yake tsayawa a inda ya yi niyya ba.

Uwar_Biyu:
Ni abin da zan ƙara bai shafi lafiyar mai sha kaɗai ba. Maigidana ya fara ne a irin wannan zama na abokan kasuwanci, kuma abin da ba wanda ya gaya masa shi ne warin yana kwana a riga, da gemu, da kujerar mota, har da labule idan aka kuskura aka kunna a ɗaki. Ƙaramin ɗanmu yana da asma, sai da muka yi zaman fahimtar juna kafin ya yarda cewa ba a gida ba, ba a mota ba, kuma ya canza kaya kafin ya ɗauki yaro. Malam Bakano, idan kana da iyali, ka sa wannan a lissafinka tun yanzu.

Baƙon_Burasel:
Duk abin da Likita da Hajiya suka faɗa gaskiya ne, ba ni da ja, kuma ni kaina ba zan ce wa wanda bai fara ba ya fara. Amma tun da ɗan'uwanmu baligi ne kuma ya ce zai je zaman, gara ya san yadda ba zai sake faɗuwa ba. Kuskurensa na farko haɗiye hayaƙi, domin sigar ba a kai ta ƙirji. Ana jan hayaƙin cikin baki kamar mai tsotsar abu, a riƙe shi daƙiƙa biyu ko uku, a busar. Na biyu shi ne sha da yunwa, na uku kuma gaggawa. Zuƙa ɗaya a minti ɗaya ta isa ta riƙe wutar ba tare da ta yi zafi ba. Ka ci abinci ka ƙoshi tukuna, ka ajiye ruwa da wani abu mai zaƙi kusa da kai, shayi mai sukari ko dabino, kuma da zarar ka ji kanka ya fara nauyi ka ajiye ta. Kashi ɗaya cikin uku na ƙarshe shi ne ya fi ƙarfi saboda abin da ya taru a wurin, saboda haka tsayawa a rabi ba abin kunya ba ne.

Wajen yanka, ɗan hular da ke rufe bakin kawai ake cirewa, kamar milimita 2, domin idan aka zarce rigar za ta fara warwarewa. Wajen kunnawa kuma a yi amfani da laita mai gas ko ashanar itace bayan kanta ya gama ci, ban da kyandir da laita mai fetur, saboda warinsu yana shiga ganyen. Idan an gama ba a murtsuke ta kamar sigari, ajiye ta ake yi ta mutu da kanta.

Almajirin_Zaure:
Na ga an yi maganar lafiya da ta iyali, amma ba a taɓo hukunci ba, kuma mu Musulmi ne. Saɓanin malamai a kan taba tsoho ne, tun lokacin da ta shigo ƙasashenmu. Shehu Ahmad Baba na Tumbutu, wanda ya rasu a 1627, yana cikin waɗanda suka ga halaccinta, wasu malaman zamaninsa kuma suka haramta, wasu suka tsaya a karhanci. Na kawo wannan ne domin a san cewa maganar tana da asali, ba don in ba kowa lasisi ba.

Malamin_Islamiyya:
Allah ya saka da alheri Malam Almajiri, amma ya kamata a cika maganar. Waɗanda suka halatta a wancan zamani sun gina hukuncinsu ne a kan cewa ba ta sa maye kuma cutarwarta ba ta tabbata ba. Yau cutarwar ta tabbata ta hanyar likitanci, shi ya sa hukumomin fatawa na Masar da Saudiyya suka tafi a kan haramci, kuma ba su bambanta sigar da sigari ko shisha ba. Ina ganin ɗan'uwanmu zai iya zama da abokan aikinsa ya sha gahawarsa ba tare da ya kunna komai ba, kuma mutuncinsa ba zai ragu ba.

Bazazzagi:
Maganar Baƙon Burasel cewa ba a haɗiye hayaƙi ta tuna mini da kakana, Allah ya jiƙansa, wanda bai taɓa kunna taba ba amma kullum akwai garin taba da kanwa a leɓensa na ƙasa. Muna yara mun ɗauka kanwar don ɗanɗano ce, sai da na girma na ji cewa ita ce take sa ƙarfin tabar ya ratsa fatar baki da sauri. To idan sigar ba ta zuwa huhu, ta ina nikotin ɗin yake shiga har ya bugar da mutum? Ko hanyar ɗaya ce da ta kakana?

Likitar_Haƙori:
Hanyar ɗaya ce, Malam Bazazzagi, kuma misalinka ya fi duk wanda zan kawo. Ganyen sigar ana shanya shi a iska ne sannan a tsima shi, wanda hakan ke sa hayaƙinsa ya karkata zuwa ɓangaren kanwa maimakon tsami, kuma a wannan yanayi nikotin yana ratsa fatar baki kai tsaye. Hayaƙin yawancin sigari ya fi karkata ga tsami, shi ya sa mai shansa sai ya kai shi huhu kafin ya ji abin da yake nema. Ma'ana, rashin haɗiye hayaƙi yana rage wa huhu nauyi, amma bai hana nikotin shiga jini ba.

Ɗan_Maraɗi:
Bari in dawo da mu kan tambayar, domin akwai abin da zai iya ɓata ko da mafi sauƙin sigar, wato bushewa. An taɓa kawo mini tsarabar guda biyar daga Faransa a tsakiyar hunturu, na ajiye su a durowa, kafin mako ya zagayo rigarsu ta tsattsage, wadda na kunna kuma ta ci kamar karan dawa, ba komai sai ƙauri da maƙaƙi. Sigar tana son laima tsakanin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari da sanyi wajen digiri 20, alhali a hunturunmu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20. A Dubai ma na'urar sanyaya ɗaki tana busar da iska. Sabon shiga ba ya buƙatar akwatin katako mai tsada; robar abinci mai murfi da ke rufuwa gam da ɗan ƙunshin daidaita laima na kamfanin Boveda mai lamba 69 sun wadatar. Mafi sauƙi ma shi ne ya sayi guda ɗaya ko biyu a ranar da zai sha. Idan zafi ya yi yawa kuma, akwai ƙwaron taba da ke ƙyanƙyashewa ya huda ganyen, saboda haka kada a bar ta a mota.

Sannan a yi hattara da jabu. Duk wanda ya kawo maka Cohiba, shahararriyar sigar ta Kuba, a akwati mai murfin gilashi da araha, ka san ba ta gaskiya ba ce, kuma ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinta.

Alhajin_Tafiya:
An ambaci na Dominikan, amma tun da yake a Dubai na Kuba ma suna samuwa a shagunan da ke da izini, kuma ba dukansu ne masu ƙarfi ba kamar yadda ake zato. Kamfanin Habanos, wanda ke fitar da su, ya jera Hoyo de Monterrey da Quai d'Orsay a cikin masu sauƙi, H. Upmann daga sauƙi zuwa matsakaici, Partagás da Bolívar kuma a cikin masu ƙarfi, waɗanda ya kamata sabon shiga ya jinkirta. Quai d'Orsay an ƙirƙiro ta ne a 1973 domin kasuwar Faransa. Ni da Hoyo de Monterrey Epicure No. 2 na fara, kuma har yau ina ganin ta fi waɗanda aka lissafa a sama ƙamshi, ko da yake ta fi su tsada. Idan lokaci yake so ya rage, H. Upmann Half Corona tsawonta santimita 9 ne kacal, ba ta kai rabin awa.

Akwai wani abin da ke rikita mutane: Montecristo iri biyu ce. Bayan juyin juya halin Kuba da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba a 1962, sunaye da yawa sun rabu gida biyu, akwai na Kuba akwai na Dominikan da ake sayarwa a Amurka. Montecristo White da Baƙon Burasel ya ambata ta Dominikan ce, ita kuwa Montecristo No. 4 ta Kuba ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda haka kada ya shiga shago ya ambaci sunan kawai.

MaiGoro77:
Na karɓi gyaran Ɗan Garwa. To waɗannan ƙanana masu ƙamshin banila ko ceri da ake sayarwa a gwangwani fa, ba su fi dacewa da sabon shiga ba?

Ɗan_Garwa:
Waɗannan yawancinsu inji ne ke naɗe su da yankakken ganye, kuma ƙamshin da aka zuba musu yana rufe kaifin hayaƙin ne kawai. Illarsu ga sabon shiga ita ce sun yi kama da sigari a hannu, sai mutum ya dinga haɗiye hayaƙin bai sani ba, kuma saboda ba sa ɗaukar lokaci yana iya kunna biyu ko uku a yini.

Na_Daina_2019:
Abin da Ɗan Garwa ya faɗa shi ne tarihina. Na fara da babba a bikin wani aboki, sau biyu ko uku a shekara kamar yadda Malam Bakano ya tsara, sai ta koma duk ƙarshen mako, da na ga babbar tana cin lokaci da kuɗi sai na koma ƙananan gwangwani, daga nan kuma sigari. Shekara 11 na yi a haka, kuma barin ta ya fi duk abin da na taɓa yi wuya. Ina da abokai da suka tsaya a sau uku a shekara har yau, saboda haka ba zan ce kowa zai bi hanyata ba, amma a ranar farko ni ma na tabbata ina cikin masu tsayawa. Fidel Castro kansa, wanda duniya ta san shi da sigar a baki, ya ajiye ta a 1985.

Bakano_a_Dubai:
Na karanta komai, wasu ma sau biyu, kuma ina godiya ga kowa. Jiya na shiga shago na tambayi Ashton Classic da Hoyo de Monterrey, aka shigar da ni ɗakin da suke ajiye su mai sanyi da laima, na riƙe, na sunsuna, amma ban saya ba, tun da Ɗan Maraɗi ya ce a bari sai ranar. Maganar Malamin Islamiyya da ta Likita suna nan a raina, kuma na yi wa uwargida bayani kamar yadda Hajiya ta nuna, ita ma ba ta goyi baya ba. Saura kwana 12 kafin zaman. Idan har na saya, ƙaramar korona ce guda ɗaya, bayan na ci abinci, kuma zan tsaya a rabi.

Baƙon_Burasel:
Idan ka je, ka ɗan matsa ta a hankali tsakanin yatsu biyu daga sama zuwa ƙasa. Ya kamata ta ɗan lotsa ta dawo. Idan ka ji ƙaras ta bushe, idan kuma ka ji wani wuri da tauri kamar dutse an cika naɗin, hayaƙi ba zai fito ba sai da ƙarfi, kuma jan da ƙarfi shi ne zai sake kawo maka jirin. Ka roƙi mai shagon ya yanke maka bakin a wurin, tun da ba ka da abin yanka.